Kafin ka shigo da tumakin ulu, wa zai sayi ulun?

Alhaji na ga tambayarka, ka ce ka tara ɗan jari kana so ka shigo da tumaki daga waje irin masu ba da nama da ulu lokaci guda, ko riba biyu za ka ci. Toh tunanin ya yi min wallahi, amma bari in fara da ulun don nan ne mutane suka fi ƙonewa.

Irin da kake nufi su ne kamar Dohne Merino da aka fara samarwa a Afirka ta Kudu a 1939, ko Corriedale na Niyuzilan da aka haɗa Merino da Lincoln. Sau ɗaya a shekara ake musu aski, tunkiya ta ba ka kilo 4 zuwa 5 haka, kuma ɗanye ne da maiƙo da ƙura, in ka damƙa sai ka ji hannunka ya yi danƙo, ana wankewa kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Masu saye kuma dila suke saye, a Ostireliya dila ɗaya tana kai wajen kilo 180, kaga sai ka aske tumaki kusan 40 kafin ka cika guda ɗaya tak. Kuɗin ma da sirantar zare ake yanka shi, ana aunawa da maikuron wato ma'aunin kaurin zare, ƙaramar lamba ita ce siririn zare, na Dohne wajen 18 zuwa 22 ne shi ya fi daraja, na Corriedale ya fi kauri kuɗinsa bai kai ba. In ba ka da kamfani ko dillalin da ya yi maka alkawarin ɗauka, ulun nan jibge shi za ka yi asu ya cinye, ga kuɗin mai aski ka biya, kuma askin dole ne ko da mai saye ko babu, don in ka bar shi zafi ya dame su ƙuda ya yi ƙwai a ciki tsutsa ta ci fata.

Sai abin da ya fi damuna. Da yawa rago ɗaya suke sayowa su sake shi yana barbarar tumaki masu gashi, 'ya'yan su fito ulu gauraye da gashi mai kaushi wanda ba ya kama rini, masu saye ba sa ko kallonsa. Nama zai ƙaru, amma ulu ka manta da shi.

Don haka ka yi lissafinka kaf a kan nama. Cikin tunkiya wata 5 ne, ka ƙirga 'ya'ya nawa za su rayu har yaye, ka cire abinci da magani da kuɗin jirgi da takardun izini da killacewa, in bai fitar da kai ba kar ulu ya ruɗe ka. In wajenka akwai zafi da damshi ka sani tsutsar ciki da ruɓewar kofato za su ci maka kuɗi, gara ka duba Dorper, ita nama zalla ce kuma da kanta take zubar da gashinta.

Kar ka zuba jarin duka Alhaji, ka fara da kaɗan su yi shekara cur a hannunka. Ka zauna da likitan dabbobi tun kafin ka biya ko sisi, ka kuma tambaye shi batun shigo da daskararren maniyyin rago maimakon ragon kansa, ya fi sauƙin kuɗi kuma ba ya mutuwa a hanya.