Me Ya Sa Tikitin Shagalin Ƙarshen Shekara a Wuraren Wasa Ke Ƙara Tsada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, masu shekara 11 da 8 da 5, kuma shekararmu tara ke nan a birnin New York, maigidana yana tuƙin tasi, ni kuwa ina aikin kula da tsofaffi. Tun bara yaran suke roƙon a kai su shagalin dare da manyan wuraren wasa na ƙasar nan suke shiryawa a ƙarshen shekara, saboda 'yan ajinsu sun je sun dawo suna ba su labari. Da na duba kuɗin shiga, sai na ga na awa biyar kacal ya kamo na yini guda, kuma wata maƙwabciyata da ta kai nata 'ya'yan a shekarun baya ta ce ba haka ta biya ba. Shin tsadar rayuwa ce ta jawo wannan, ko kuwa akwai wani dalili? Kuma ya dace in taɓa kuɗin adashina saboda shi? Daga wata uwa, unguwar Bronx.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana zuriya, Ya kuma buɗa wa maigida. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki, kuma tun da ba ki ambaci sunan wurin da kika duba ba, zan yi miki bayani da wanda farashinsa ya fi fitowa fili, wato Magic Kingdom na kamfanin Disney da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida, domin sauran wuraren sawunsa suke bi.

Shagali biyu ake yi a can kowace shekara. Na Kirsimeti, mai suna Mickey's Very Merry Christmas Party, an fara shi a 1983, na Halowin kuma, wato bikin da ake yi a ƙarshen Oktoba da shigar ban tsoro, a 1995, lokacin da dare ɗaya tak aka yi shi a kan kuɗin da bai kai dala 20 ba. A 2019 tikitin shagalin Halowin yana tsakanin dala 79 da 135, gwargwadon daren da mutum ya zaɓa, na Kirsimeti kuma tsakanin 99 da 139. A 2025 na Halowin ya koma dala 119 zuwa 229, na Kirsimeti kuma 169 zuwa 229, ban da harajin sayayya na kashi 6.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kai. Idan aka yi lissafin gidanki, inda babban ɗanki zai biya kuɗin manya tun da ya wuce shekara tara, ƙananan biyu kuma a rage musu dala goma-goma, a farashin 2025 dare mafi araha na Kirsimeti zai ci kusan dala 880, mafi tsada kuma kusan 1,200, alhali ba a sa kuɗin jirgi da masauki da abinci ba.

Tsadar rayuwa tana da nata kason, ba a musun wannan. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022, abin da aka yi shekara arba'in ba a gani ba, kuma a watan Maris na 2023 ƙungiyoyin ma'aikatan Disney World, inda Magic Kingdom yake, sun cim ma yarjejeniyar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 18 a awa. Masu share titi da masu tsaron ƙofa da matasan da ke rawa cikin kaya masu nauyi a zafin Fulorida sun cancanci wannan ƙarin har ma da fiye. Sai dai lissafin bai tsaya a nan ba. Daga 2019 zuwa 2025 farashin kaya gaba ɗaya a Amurka ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, don haka da tsadar rayuwa kaɗai ce ke jan tikitin, da na dala 99 ya tsaya a wajen 125. Ya kai 169, wato ƙarin kusan kashi 70 cikin 100. Ratar da ke tsakanin 125 da 169 ita ce ainihin amsar tambayarki, kuma ba kuɗin wuta ko na albashi ne ya haife ta ba.

Domin ki gane inda ratar ta fito, ki dubi yadda ake tafiyar da daren kansa. A ranar da za a yi shagali, da ƙarfe shida na yamma ake rufe wurin ga waɗanda suka sayi tikitin yini, ko da kuwa sun biya cikakken kuɗi. Masu tikitin dare ana barinsu su shiga tun ƙarfe huɗu, a ɗaura wa kowa wani zare mai launi a wuyan hannu, shagalin kuma ya kankama daga ƙarfe bakwai zuwa sha biyun dare. Da magariba ta gabato sai ma'aikata su tsaya a mashigar kowane lilo da kowace kwana, suna murmushi suna duba hannayen mutane, wanda ba shi da zare a nuna masa hanyar fita cikin ladabi. Uban da ya shigo da iyalinsa tun safe zai tura keken jaririnsa ya nufi ƙofa, daidai lokacin da ake kunna fitilun ado ga waɗanda suka shigo yanzu. Ma'anar wannan ita ce fili ɗaya, da lilo ɗaya, da gine-gine ɗaya, an sayar da su sau biyu a rana guda. Abin da aka ƙara wa mai tikitin dare shi ne fareti na musamman, da wasan wuta, da alawa kyauta a daren Halowin, ko biskit da shayin cakulan a na Kirsimeti, sai kuma kumfa da ake fesowa daga saman benaye a babban titin wurin ta riƙa sauka kamar dusar ƙanƙara a garin da ba ta zuba. Abubuwa ne masu faranta ran yaro ƙwarai, amma kuɗin da aka kashe a kansu bai kusa abin da aka karɓa a ƙofa ba.

Babban abin da ake sayarwa a wannan dare shi ne ƙarancin mutane. An ƙayyade yawan tikitin kowane dare, kamfanin kuma ba ya bayyana adadin, saboda haka mai saye yana biya ne da fatan layi zai yi gajarta, yaransa su hau lilo da yawa cikin ɗan lokaci. Duk kayan da aka ƙayyade yawansa, aka kuma ɗaure shi da lokacin da ba ya dawowa sai baɗi, mai shi ne ke da bakin magana a ciniki. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen rago a jajibirin Babbar Sallah ya san wannan ba tare da an karanta masa ba. Tun bayan annobar korona kusan kowane dare na waɗannan shagulgula tikitinsa yana ƙarewa, daren 31 ga Oktoba kuwa, wanda ya fi kowanne tsada, yana cikin masu fara ƙarewa tun da sauran makonni. Ɗan kasuwar da ya ƙara kuɗi ya ga kayansa sun ƙare, babu abin da zai sa ya rage a shekara mai zuwa.

Annobar ce ma ta nuna wa kamfanin iyakar abin da mutane za su iya jurewa. A 2020 an soke shagulgulan biyu. A 2021 aka kawo wasu a madadinsu, masu gajeren lokaci da ƙarancin jama'a, aka sa wa na Halowin dala 129 zuwa 199, na Kirsimeti kuma 169 zuwa 249, mutanen da suka gaji da zaman gida kuwa suka saya. Da aka dawo da shagulgulan asali a 2022, farashinsu bai koma na 2019 ba, ya zauna kusa da wannan sabon matsayi. Aka kuma ƙara yawan darare, har ya zama shagalin Halowin, wanda ranarsa ƙarshen Oktoba ce, ana fara shi tun watan Agusta, a 2025 ma dare 38 aka yi. A 2023 aka buɗe wani sabon shagalin Kirsimeti a Hollywood Studios, ɗaya daga cikin wuraren wasa huɗu na Disney World, shi ma da nasa tikitin daban. Abokin hamayyarsu, kamfanin Universal, wanda ya fara nasa shagalin Halowin a 1991, ya yi dare 48 a 2025.

Wannan salo na sa wa kowace rana nata farashi bai tsaya ga shagalin dare ba. Ranar da aka buɗe Magic Kingdom, 1 ga Oktoba 1971, dala uku da rabi babba ya biya a ƙofa, ko da yake a lokacin ana sayen takardar hawa lilo daban. Tikitin yini ya haura dala 100 a 2015, a 2016 aka raba shekara zuwa lokacin araha da matsakaici da na cunkoso, a 2018 kuma aka koma ga farashin da ke bin kwanan wata, irin yadda kamfanonin jiragen sama suke yi. Damar tsallake dogon layi, wadda kyauta ce tun 1999, ta koma ta kuɗi a 2021. Hujjar kamfanin ita ce tsada a ranakun cunkoso tana karkatar da mutane zuwa ranakun da babu jama'a, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma mai 'ya'ya 'yan makaranta ba shi da zaɓin rana, hutu ne kaɗai lokacinsa, hutun kuwa shi ne aka fi tsawwala wa kuɗi.

Dalilin da ya sa ake matsa wa wannan ɓangare shi ne a nan ribar take. A shekarar kuɗi ta 2024, sashen wuraren wasa da jiragen ruwa na Disney ya samar da kuɗin shiga sama da dala biliyan 34 da ribar aiki sama da biliyan 9, wato fiye da rabin ribar aikin kamfanin gaba ɗaya, a daidai lokacin da tashoshinsa na talabijin suke rasa masu kallo. A watan Satumban 2023 kuma ya sanar da shirin zuba dala biliyan 60 a wannan sashe cikin shekara goma. Shugaban kamfanin a lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya amsa a watan Maris na 2023 cewa wataƙila sun zafafa a wasu farashin saboda ɗokin ƙara riba, amma tikitin shagalin dare bai sauko ba bayan wannan magana.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne wanda nauyin yake faɗawa a kansa. Wani bincike da kamfanin LendingTree ya yi a 2024 ya nuna cewa kashi 45 cikin 100 na iyaye masu ƙananan yara da suka je Disney sai da suka ci bashi kafin su yi tafiyar. Waɗannan mutane ne irinku, masu aikin awa-awa, waɗanda ba sa son ɗansu ya zauna shiru a aji yayin da sa'o'insa suke ba da labari. Wurin da aka gina da sunan iyali ya kamata ya bar ƙofar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga, kuma a ganina tsarin da ake bi yanzu yana ƙuntata wannan ƙofa shekara bayan shekara.

Game da adashinki, shawarata ita ce kada ki zuba shi gaba ɗaya a dare ɗaya, kuma kada ki ɗora tafiyar a kan katin bashi, domin kuɗin ruwansa a Amurka yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara, ga shi kuma abin da mai imani yake gudu. Idan kun yanke shawarar zuwa, ku zaɓi dararen farko na kakar, tsakiyar mako, domin su ne mafi araha, a Agusta ga na Halowin, a farkon Nuwamba ga na Kirsimeti. Kada ku sayi tikitin yini a ranar, tun da na daren yana ba ku damar shiga daga ƙarfe huɗu, wato awa takwas ke nan ba biyar ba, kuma an yarda a shiga da abinci daga gida. Ki tuna cewa mai shekara biyar da wuya ya kai sha biyun dare idonsa biyu, kin ga an biya kuɗin awannin da zai yi su a kafaɗar babansa. Ki kuma sani cewa adon Kirsimeti yana nan da rana ga kowa, kuma a 'yan kwanakin ƙarshe na Disamba, bayan an gama dararen shagali, ana nuna faretin da wasan wutar ga masu tikitin yini, sai dai lokacin ne cunkoso da farashi suka fi tsanani. Batun halartar bukin da ba na addininku ba kuwa, wannan ku da malaminku ne, ni a kan kuɗin na yi magana.

TAMBAYA: Malam, a nan Kano ma na lura kuɗin shiga wuraren wasan yara da na hawa lilo yana tashi a ranakun Sallah. Dalilin ɗaya ne da na ƙasashen waje? Daga wani magidanci, Kano.

AMSA: Alhaji, rabin dalilin ɗaya ne, domin cinikin da mai wurin wasa yake yi a kwana uku ko huɗu na Sallah shi ne yake riƙe shi watanni, kuma ya san yara sun ci ado sun karɓi barka da Sallah, ba za su koma gida ba tare da sun hau lilo ba. Ɗaya rabin kuwa namu ne na gida, kuma a nan kukan masu wuraren yana da tushe fiye da na manyan kamfanonin Amurka. Injin lilo da wuta yake aiki, an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya zuwa sama da 1,400 cikin shekara guda, alhali kayan gyaran injinan daga waje ake sayo su, sannan a watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta. Idan da hali, ka kai yaran bayan an kwana huɗu ko biyar da Sallah, lokacin da turmutsitsi ya lafa, kuma tun a ƙofa ka tambayi kuɗin kowane lilo daban da kuɗin shiga, ka gaya wa yaran guda nawa kowa zai hau kafin ku taka ciki.