Mu muka yashe magudanar, ashe ruwan ba namu ba ne?

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ni ne sarkin noman wani gari a fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Shekara huɗu ke nan mu manoman garuruwa uku muka haɗa ƙungiya, kowace bazara mu shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, mu sare kachalla, doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, mu yashe magudanar da ke kawo mana ruwa. Mun sa hannu a takarda da wani ofishin gwamnati, kan cewa mu yi gayya su kawo injin haƙa. Sau ɗaya injin ya zo. Bana da ruwa ya fara gudu, mutanen wani gari da ke sama da mu, waɗanda ko lauje ba su taɓa ɗagawa ba, suka fasa gaɓa suka juya shi gonakinsu. Matasanmu na son su je su toshe da buhunan yashi, mu kuma fara karɓar kuɗi a hannun masu injin ban ruwa da makiyaya. Muna da wannan ikon? Za mu iya kai ofishin nan kotu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Sarkin Noma, Allah ya ja da ranka. Ban ga takardar ba, ban kuma ji daga bakin ɗaya ɓangaren ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan na gani.

Zan fara da abin da ba za ka ji daɗinsa ba. Wahalar da kuka sha ba ta mayar da ruwan nan naku ba. Kogin Haɗeja ya taso daga Kano, ya ratsa Jigawa, ya shiga Yobe, kuma Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ɗora ikon duk ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Abin da ta bar wa mai gona a bakin ruwa shi ne ya ɗiba kyauta don amfanin gida, da shayar da dabba, da ban ruwan gonarsa. Wannan haƙƙin kuna da shi. Mutanen sama ma suna da shi, ko sun yi gayya ko sun kwana a inuwa. Makiyayi kuwa dokar ta ba shi damar shayar da dabbarsa kyauta a duk mashayar da jama'a ke zuwa. To da wane suna za ku karɓi kuɗinsa? Kuɗin ƙungiya a tsakanin 'ya'yanta da suka amince, babu laifi. Amma ku tare bare ku ce sai ya biya, ina tsoron a kira shi ƙwace, kuma sunanka za a fara rubutawa a caji ofis.

Ba wanke mutanen sama nake yi ba. Ɗiban ruwa da bokiti ko ɗan inji daban, fasa gaɓa a karkatar da magudana gaba ɗaya daban. Irin wannan, a fahimtata, yana buƙatar izinin hukuma, kuma zai yi wuya a ce sun nema. Wanda ya zauna yana kallon wasu cikin taɓo shekara huɗu sannan ya zo da fatanya ranar da ruwa ya sauko, ya san abin da ya yi. Sai dai laifinsu bai zama lasisinku ba. Matasa su je da dare da buhuna, wani ya ɗaga sanda, gobe maganar ruwa ta koma maganar jini, kuma mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma.

Batun ofishi kuma, a nan nake ƙara taka-tsantsan. Yawancin takardun da ake sa wa ƙungiyoyin manoma hannu takardar fahimtar juna ce, kuma kotunanmu, har Kotun Ƙoli, sun nuna cewa irin wannan ba lallai ta zama kwangilar da za a tilasta ba. Duba taku: an faɗi sau nawa injin zai zo, da watan da zai zo, da wanda zai sayi mai? Ko cewa kawai aka yi "za a taimaka gwargwadon hali"? Wa ya sa hannu, kuma yana da ikon ɗaure ofishinsa? Sannan ƙungiyarku tana da rajista? Idan babu, ba za ta iya shigar da ƙara da sunanta ba, sai dai wasu su tsaya a madadin sauran. Rajista a ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha ko a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba abu ne mai wuya ba, ku gama da ita kawai. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku, da sharaɗin sanarwa kafin ƙara da wasu hukumomi ke da shi. Ko za su hau kanku, ya danganta da yadda aka tsara ƙarar.

Ko an ci duk waɗannan, me za a samu? Shari'a na iya cin damina uku, kachalla kuwa ba ta jiran alƙali. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani kamar da, kachalla kuma abin da take so ke nan. Kuna buƙatar injin nan baɗi da baɗin baɗaɗa, kuma da wuya wanda ka maka a kotu ya aiko maka da shi.

Da ni ne, sai in rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da waɗannan madatsun, in haɗa da hotunan inda aka fasa da kwanan wata, in ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In roƙi hakimi ya kira zama da dagatai, da sarkin ruwa, da arɗo, da jami'in hukumar. A zaman nan ku nemi abu mai kamawa: kwanakin da kowane gari zai sha, mutum nawa kowane gari zai turo gayya, abin da za a ɗora wa wanda bai zo ba, da watan zuwan inji. A rubuta, kowa ya sa hannu, har mutanen sama. Shekara huɗun da kuka yi cikin ruwa a wannan teburin za ta yi muku magana, musamman idan kuna da littafin sunayen masu fita aiki da rasiɗan mai.

Idan sun ƙi zama, ko suka sa hannu suka saɓa, a lokacin sai a duba neman umarnin kotu na hana su karkatar da ruwan. Kafin nan ka turo mini hoton takardar, gaba da baya, ka kuma karɓe buhunan nan daga hannun yaran ka kulle a rumbunka.