Inshora za ta biya kuɗin na'urar auna daskarewar jini a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An sa wa mahaifina bawul na ƙarfe a zuciya, kullum yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Duk bayan mako biyu sai mun ɗauko shi daga Mabera zuwa asibiti a ɗebi jini a duba INR, wato lambar da ke nuna saurin daskarewar jini, ga jiki ya yi rauni. Na ga na'urar da ake gwajin a gida, amma kamfanin inshorarmu ya ce ba ta cikin tsarinsu. Akwai manhajar waya da za ta yi aikin? In babu, ya zan yi su biya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Manhaja dai ki cire ta a ranki. Duk wadda ta ce a ɗora yatsa kan kyamara a ga INR, kada ki yarda da ita, gwajin nan sai da ɗigon jini. Amfanin waya a nan shi ne ajiye sakamako da kwanan wata, da tura wa likita hoto.

Na'urar da aka fi sani ita ce CoaguChek ta kamfanin Roche. Kamar ta masu ciwon suga take: a huda yatsa, a ɗiga jini kan sitirif, wato ɗan siririn falle da ake zura wa na'urar, cikin kamar minti ɗaya lamba ta fito. Ita sau ɗaya ake saye, sitirif ɗin ne ke cin kuɗi, domin kowane gwaji sai sabo. Nan ne nake so ki sa ƙarfinki.

Inshorar lafiya a ƙasar nan, ko ta NHIA ce, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da dokarta ta fara aiki a 2022, ko ta SOCHEMA, takwararta ta jiharmu ta Sakkwato, asibiti take biya kan aikin da ya yi wa mara lafiya. Ba a gina ta don mayar wa mutum kuɗin abin da ya saya da kansa ba. Saboda haka kada ki fara saye ki je da rasit. Ki samu likitan zuciyar Baba ya rubuta takarda mai hatimi: irin bawul ɗin, yaushe ya fara maganin, INR ɗin da ake so ya tsaya a kai, da dalilin da ya sa zirga-zirgar ke cutar da shi. Ki haɗa da sakamakon wata uku ko shida, ki tura ta imel domin ya zama akwai shaida, ki nemi amsa a rubuce. Ki roƙi na'ura da sitirif tare, in sun ƙi, ki nemi ko sitirif kaɗai. In kamfanin HMO ne, wato kamfani mai zaman kansa da ke gudanar da inshorar lafiya, kuma ya yi shiru, ki kai ƙorafi ofishin NHIA na Sakkwato. A Amurka tsarin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare yana biyan wannan gwaji na gida ga masu bawul na ƙarfe tun 2002, don haka abin da kike nema ba baƙo ba ne a likitance.

Sai abin da masu talla ba sa faɗa: zafinmu. Sitirif ɗin yana son wuri mai sanyin digiri 2 zuwa 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Kwalbar sitirif da ta wuni kan taga ko cikin mota tana iya ba da lambar ƙarya, kuma da lambar nan ake ƙara magani ko a rage. Wallahi wannan ya fi damuna a kan kuɗin. A sa kwalbar a firji, ban da wajen ƙanƙara, a rufe murfin nan take bayan an zaro ɗaya, a yi gwajin bayan sallar Asuba kafin ɗaki ya ɗau zafi. Kowane kwali yana zuwa da ɗan ƙaramin cif mai lamba, dole lambarsa ta yi daidai da ta jikin kwalbar.

Ranar farko ku tafi da na'urar asibiti a gwada ta tare da gwajin lab a ga ko sun yi kusa. Kuma ko me ta nuna, kada kowa ya taɓa adadin ƙwayar Baba sai likita ya ce.