Kogon da ke ƙarƙashin gari: shin shigarsa ba kasada ba ce?

Tambaya: Na ji ana kai baƙi yawon buɗe ido cikin kogunan dutsen farar ƙasa da ke ƙarƙashin gidajen mutane. Wa ya haƙa su, kuma ba sa rufawa da mutum?

Amsa: Malama, ruwa ne ya haƙa su. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sararin sama da ƙasa, ya ɗan yi tsami, sannan ya riƙa bin tsagogin dutsen yana narkar da shi sannu a hankali har shekaru dubbai, sai tsaga ta zama rami, rami ya zama zaure.

A garin Tapolca na ƙasar Hangari, masu haƙa rijiya ne suka faɗa kan irin wannan kogo a 1903, kuma a yau baƙo yana sauka ta matakala ya hau ƙaramin kwale-kwale, yana tuƙawa a kan ruwa mai haske har yana hango duwatsun ƙasansa, alhali motoci na wucewa a bisa kansa.

Sassan da aka buɗe wa jama'a masana na duba su, don haka kada ki ƙetare hanyar da jagora ya nuna. Ki sa takalmi mai kama ƙasa, domin wurin yana da santsi. Abin da ya fi damuna shi ne masu shafa bango da hannu: maiƙon tafin hannu yana ɓata dutsen da ɗigon ruwa ya daɗe yana ginawa.