Zan Raka Tumatir Legas Karon Farko, Yaya Zan Dawo Da Raina Da Kuɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Garun Malam. Shekara da shekaru mahaifina ke lodin tumatir a Kwanar Gafan yana kaiwa kasuwar Mil 12 a Legas. Bana ciwon ƙafa ya matsa masa, ya ce ni zan bi kayan. Ban taɓa wuce Kaduna ba, kuma labarin Legas da nake ji bai wuce ƙwace da 'yan wan cans da faɗan ƙabilanci ba. Innata cewa take a sayar a gida ko da faɗuwa za a yi. Wani abokina kuma ya ce in soke wuƙa a ƙugu, in ɗinke kuɗin a cikin wando. Me ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Tsoron Inna yana da dalili, amma bai kai a karyar da kaya ba. Kowace safiya motocin gwari na sauka a Mil 12, masu su suna sayarwa suna komawa gida lafiya lau. Shawarar abokinka kuwa, ka gode masa, ka ajiye ta gaba ɗayanta. Zan zo kan dalili.

Ɗana, ɓarawon Legas ba ya tambayar garinku. Abin da yake dubawa shi ne mutumin da tafiyarsa ta nuna bai san gari ba, babu wanda ke jiransa, kuma da alamar akwai abu a jikinsa. Mafi yawan aikin kare kanka tun kana Garun Malam za ka gama shi, kafin a ɗaure kwando na ƙarshe.

Ka fara da maigidan da za ka sauka a hannunsa. Baba ba haka kawai yake shiga Mil 12 ba, yana da dillalin da ke karɓar kayansa, wanda ya san wajen kwana, ya san shugabannin kasuwa, ya san wanda ke biya da wanda ke cin bashi ya ɓace. Wannan mutumin ya fi maka kowane makami. Ka sa Baba ya kira shi a gabanka, ya ce masa ga ɗana nan zai zo a madadina, ku gaisa ka ji muryarsa. A turo maka hotonsa, kai ma a tura masa naka. Ka karɓi lambar mutum na biyu, ko yaronsa ko wani ɗan garinku da ke zaune a kasuwar. Lambobin nan da na gida ka rubuta su a takarda ka sa a aljihun da ba na waya ba, domin ranar da waya ta salwanta mutane da yawa ke gane cewa ko lambar mahaifinsu ba su haddace ba. Sannan ku yi magana a fili kan la'adarsa, da kuɗin sauke kaya, da na ƙungiya, da duk wani abin da ake cirewa. Baba ya san yadda aka saba, ya faɗa maka tun a gida, don kada a ga baƙuwar fuska a ƙara lissafi.

Idan mota ta tsaya wani ya tare ka da fara'a yana cewa Alhaji ne ya aiko shi, kada ka ɗaga ƙafa sai ka kira Alhajin ka ji daga bakinsa. Abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma sabon zuwa ya fi faɗawa hannun wanda ya yi masa Hausa. Bayerabe ko Ibo in ya matso, da kanka za ka ja jiki. Wanda ya ce maka "kai ɗan ina ne, ai ni ma ɗan Kura ne" shi ne za ka saki jiki da shi, kuma macuta sun san da haka. Hausawan Legas mafi yawansu mutanen kirki ne, suna nan a Agege da Idi Araba da Obalende tun kaka da kakanni, har da sarakunan Hausawa na unguwanni. Amma jin Hausa ba shaida ba ce. Shaida ita ce maigidanka ya ce ya san mutum.

Ita hanyar ma kada ka raina ta, don ni a ganina ta fi garin haɗari. Tafiyar ta kai kilomita 1,000, kuma motocin kaya da yawa kan bi ta Mokwa da Jebba da Ilori da Ogbomosho da Badun. Kada ka yarda ka hau saman kaya. Tirelar da ta faɗi ba ta barin na sama, kuma mun sha jin yadda ake kwasar gawawwakin 'yan Arewa da yawa a haɗari guda saboda wannan hawan. Ka nemi kujerar gaba kusa da direba ko da za ka ƙara kuɗi. In babu, ka bi motar fasinja daga tasha ka tari kayan a can, tunda akwai yaron mota kuma Baba ya san direban. Duk inda aka yada zango ka zauna inda direbobi suke, kada ka kewaya bayan gari kai kaɗai da dare. Haka idan mota ta lalace a doguwar gadar da ke gab da Bega, wato ƙofar shiga Legas daga Badun, wuri ne da ya yi ƙaurin suna wajen fashi, ka tsaya tare da jama'a.

Ka riƙe katin ɗan ƙasa ko takardar NIN, da katin ƙungiyar 'yan gwari in kana da shi, da takardar kayan. A watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tsare mutum 123 'yan Jigawa da suka shigo a babbar mota tare da babura 48. Daga baya an sake su don ba a same su da laifi ba, amma sun sha tambayoyi. Mai takardar da ke nuna sunansa da sana'arsa, da lambar wanda zai tsaya masa, ya fi saurin fita daga irin wannan.

Yanzu batun wuƙa. Masu ƙwace ba su zuwa ɗaya ɗaya, kuma wanda ya zaro wuƙa a gaban mai bindiga ya yanke wa kansa hukunci. In kuma jami'an tsaro ko 'yan sintiri suka same ta a jikinka a shingen bincike, kai da ka fito neman halal ka koma abin zargi. Ba sai na tuna maka abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta dawowa Kano daga Fatakwal, galibinsu maƙwabtanku ne na Bunkure. Zalunci aka yi musu tsagwaronsa, Allah ya jiƙansu. Amma bindigogin farautar da aka gani a motar su aka riƙe hujja wajen tara musu jama'a. A ƙasar da ba a jin harshenka, ba lallai a ba ka damar yin bayani ba.

Kuɗi shi ne inda nake so ka fi natsuwa. Ɗinke su a wando dabara ce ta zamanin da babu banki a waya, kuma ɓarayi sun riga ka saninta, wandon suke fara laluba. Abin da ya fi shi ne kuɗin tumatir kada su taɓa jikinka sam. A tura su kai tsaye asusun Baba, wanda katinsa da layin wayarsa suna gida. Kai kuma ka tafi da wani asusu daban mai ɗauke da kuɗin abinci da na mota kawai. Amfanin wannan shi ne ko an tsare ka an tilasta maka faɗin lambar sirri, abin da za a samu kaɗan ne, jarin yana Garun Malam.

Sai ka kula da alat na bogi. Saƙon da ya shigo waya yana cewa an turo kuɗi ba kuɗi ba ne, haka hoton rasit da mai saye zai nuna maka a wayarsa. Ana ƙirƙirar duka biyun. Mai asusun ne zai duba abin da ke ciki da kansa, ya kira ka ya ce sun shiga, sannan a ɗaga kwando. Za a ce maka matsalar sabis ce, za su shigo an jima, ga mota tana jira. Ka ce babu laifi, mu jira tare. Tumatir kaya ne mai lalacewa, masu saye sun san hankalinka a tashe yake, da wannan gaggawar suke cin baƙo. Shi ya sa ciniki da karɓar kuɗi suka fi kyau ta hannun dillalin da ya san su. In wani ya biya tsaba, ku je da yaron maigida wajen mai POS ɗin da suka saba da shi ko banki, a zuba nan take da rana. Kada ka kwana da su, kada ka ƙirga su a bainar jama'a.

Wayarka ma asusu ce. Ɓarawon da ya sace ta ba ita ce ta fi damunsa ba, layin yake so, don da shi ake kwashe kuɗi ta lambobin da ake dannawa. Kafin ka tashi ka sa wa layin lambar sirri, ka kuma je bankinka su rubuta maka yadda ake rufe asusu daga wayar wani. Babbar waya ta zauna a jaka, ka riƙa amfani da ƙarama mai tocila a kasuwa. A cikin gosulo kada ka riƙe waya kusa da taga. Ka ware 'yan canji a aljihun gaba, waɗanda in an tare ka za ka miƙa ba gardama. In ka ga makami, ka ba da abin da aka nema, kada ka ƙura wa kowa ido, kada ka bi su da gudu.

Wan cans da ka ambata gaskiya ne. Mota ce, danfo (wato bas ɗin haya na Legas) ko ƙarama, da za ta tsaya a bakin titi kamar ta haya, alhali fasinjojin da ke ciki duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, har da mata don a kwantar maka da hankali. Da ka shiga sai a rufe ƙofa, a karɓe waya da kati, a zaga da kai ana cire kuɗi, a jefar da kai a wani wuri. Sun fi aiki da asuba da kuma bayan magariba. Maganinsu mai sauƙi ne: mota a cikin tasha ake shiga, inda ake lodi a gaban jama'a, ba wadda ta tsaya maka a hanya tana kiran saura mutum ɗaya ba. Manyan bas na BRT suna bi ta Mil 12 a kan hanyar Ikorodu zuwa cikin gari, da katin Cowry ake biya, yaron maigida zai nuna maka. Acaɓa kuwa ka haƙura da shi. Tun 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Kosofe inda kasuwar take, kuma dokar ta haɗa da fasinja. Babban titi ma kada ka tsallaka shi da ƙafa inda akwai gadar sama, ana kama mutane a kan haka. Gaskiyar magana, a zuwan farko ba ka da abin yi a cikin gari. Ka sayar, ka kwana inda 'yan garinku ke kwana, ka juyo.

'Yan tasha da zauna-gari-banza za su nemi kuɗin da ba ka san dalilinsa ba. Ba aikinka ba ne yin jayayya da su, ka bar direba da dillali, sun san wanda ake ba da wanda ake share shi.

Faɗan ƙabilanci ba kullum ake yi ba, amma in ya tashi daga ƙaramin abu yake tashi. Rikicin Mil 12 na watan Maris 2016, wanda ya ci rayuka har gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci, daga saɓani kan wani ɗan acaɓa ya faro. Na kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 daga cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago ne. Saboda haka in ka bangaji wani ko kayanka suka zube a gaban rumfarsa, ka ba da haƙuri nan take ko da kai ke da gaskiya. In ka ga an taru ana hayaniya, kada ka matsa kallo, kada ka ɗaga waya ɗaukar hoto, kada kishin ɗan'uwa ya ja ka cikin faɗan da ba ka san mafarinsa ba. Ka koma rumfar maigidanka, shugabannin kasuwa su ne masu sulhu.

Idan 'yan sanda suka tsayar da kai, kada ka gudu, kada ka ɗaga murya. Ka nuna takardunka, ka nemi a bar ka ka kira maigidanka. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimci abin da ke ciki ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wanda ka zaɓa, ya kuma ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, ko kwana biyu in babu. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767, kyauta ake kira.

Don hankalin Inna ya kwanta, ku sa lokacin waya, bayan asuba da bayan isha'i, ka kuma ba Baba lambar motar da ta direba. Amma ranar dawowarka mutanen gida kaɗai za su sani. Kada ka sa hoto a Facebook kana cewa an sayar lafiya, don wani lokaci mai ba da labarin wanda ya dawo da kuɗi ba a Legas yake ba, a majalisar ƙauye yake zaune. A tasha kuma wani zai roƙe ka ka kai masa ƙulli Kano saboda Allah. In ba ka san shi ba, ko bai buɗe ka ga abin da ke ciki ba, ka ce masa ya ba direba a rubuta, domin jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na bincike a hanya, kuma wanda aka samu ƙullin a hannunsa shi ake tuhuma.