Tambaya da Amsa: Yadda Ake Fitar da Wat da Om Daga Bolt da Amfiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata wanki da guga. Na sayi dutsen guga na hannu, rubutun jikinsa ya goge. Mai gyaran wuta ya auna ya ce yana jan amfiya 4.5, wutar shagon kuma bolt 220 ce. Wat nawa ke nan, kuma ƙaramin janareta zai ɗauke shi? Daga mai guga a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lambobin nan biyu sun wadatar. Bolt shi ne ƙarfin da ke ingiza wutar, amfiya kuma yawan wutar da ke bi ta waya. Ka ninka bolt da amfiya, wat zai fito, wato yawan wutar da kaya ke ci: 220 sau 4.5 ya ba da 990, wato dutsen naka na wat 1,000 ne. In kuma turjiyarsa kake so, wato yadda yake tare wa wuta hanya, sai ka raba bolt da amfiya: 220 a raba da 4.5 ya ba da kusan om 49. Wannan ƙa'idar Georg Ohm, masani Bajamushe, ya wallafa ta a 1827, shi ya sa ma'aunin ya ci sunansa.

Awon ne ke da ɗan tarko. Mitar nan mai baki kamar awartaki waya ɗaya tal ake kama mata. In aka kama igiyar gaba ɗaya, mai wuta da mai dawowa tare, sai su soke juna ta nuna sifili. Kuma a auna lokacin da fitilar dutsen take kunne, domin idan ya yi zafi yakan yanke wuta da kansa.

Batun janareta, irin ƙananan nan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai ba su kai wat 1,000 ba. Da ka jona za ka ji muryarsa ta sauka, fitilu su dushe. Kada ka matsa masa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Na lissafa turjiyar ƙwan fitila na wat 60 mai zare a ciki na samu om 807, amma da muka auna da mita a makaranta sai ta nuna sittin da 'yan kai. Mitar ce ta lalace ko lissafina? Daga ɗaliba a Zariya.

Amsa: Duka biyun lafiyarsu ƙalau, 'yata. Lissafinki daidai ne: 220 sau 220, a raba da 60, ya ba da 807. Sai dai wannan turjiyar zaren ce yana cikin ci, zafinsa ya haura digiri 2,000. Ƙarfe kuwa turjiyarsa tana ƙaruwa ne da zafi, ke kuma kin auna shi a sanyaye, inda take ƙasa da haka fiye da sau goma. Shi ya sa irin wannan ƙwan ya fi ƙonewa daidai lokacin da aka danna makunni: zaren yana sanyi, sai wuta mai yawa ta afka masa a tashin farko. Ki kuma riƙe cewa ba a auna om a abin da ke jone da wuta. A zare shi tukuna, in ba haka ba mitar ce za ta tafi.

Tambaya: Ina da sola, batir na bolt 12 da inbata. Kayan da nake kunnawa ba su wuce wat 600 ba, amma wayar da ke tsakanin batir da inbata har laushi take yi don zafi, inbatar kuma tana ƙara alhali batir a cike. Waya mai milimita 2.5 ce, irin ta soket. Daga mai shagon caji a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ka cire wayar nan yau, kafin ta cinye maka shago. Lissafin farko za ka juya: wat a raba da bolt ya ba da amfiya. A ɓangaren bolt 220, wat 600 bai kai amfiya 3 ba, wayar soket ta ɗauke shi ba ko gumi. A ɓangaren batir kuwa 600 a raba da 12 amfiya 50 ne, har da ɗoriya, tunda ita kanta inbatar tana cin nata.

To, ga inda zafin ke fitowa. Wayar jan ƙarfe mai 2.5 tana da turjiyar kusan om 0.0074 a kowace mita. A ce tsakanin batir da inbata mita 2 ne. Zuwa da dawowa mita 4 ke nan, kusan om 0.03. Lambar kamar ba komai ba, amma zafin waya amfiya sau amfiya sau om ne: 50 sau 50 sau 0.03 ya ba da wat 75. Wato kana da abin da ya fi ƙwan wat 60 zafi yana ci a cikin robar wayarka. Sannan 50 sau 0.03 bolt ɗaya da rabi ne ke zubewa a hanya, sai inbata ta ga kamar batir ya mutu ta fara kuka.

Ka sa waya mai milimita 16, ka matso da batir kusa. Asarar za ta sauko wajen wat 12. Ka ɗaure kawunan da kyau, domin kai mai sako-sako ko mai tsatsa shi ma turjiya ne, kuma a nan ake fara ganin baƙi. Ka sa fiyus dab da batir. Wajen saye, ka kankare ƙwayar wayar da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, turjiyarsa ta fi yawa.

Tambaya: Wannan lissafin yana aiki a firji da injin jan ruwa? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Ba gaba ɗaya ba. A kayan zafi irin su dutsen guga da hita yana fita daidai. A abin da ke da mota kuwa, wato injin da wuta ke juyawa a cikin firji ko injin jan ruwa, bolt sau amfiya yana ba da lambar da ake rubutawa VA, wadda ta ɗara ainihin wat ɗin, kuma da ita ya kamata ka auna janareta ko inbata. Mota tana jan ninki da yawa lokacin tashi, sai a bar mata sarari. Halinsu ma ya bambanta idan wuta ta zo ba ƙarfi: dutsen guga mai om 49 a bolt 160 wat 520 kawai zai bayar, ya ƙi zafi amma ba abin da zai same shi, firji kuwa ƙara jan amfiya zai yi har kwamfaresa ta ƙone. In ka ga fitilu sun yi ja, firjin za ka fara kashewa.