Matashi Mai Ciwon Suga Da Damuwa: Tambayoyinku Ga Likita

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 15 da ciwon suga ya taso. Yanzu yana ƙin allurar insulin, ga saurin fushi, ya ƙaurace wa abokansa. Babansa ya ce taurin kai ne. (Wata uwa, Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah ban da duka. Ciwon damuwa a wurin yaro namiji ba kasafai yake zuwa da kuka ba, sai dai fushi da kulle kai a ɗaki. Ga gajiya kuma: kullum soke yatsa, kullum allura, sa'anninsa kuwa suna cin abin da suka ga dama.

Ki fara auna sugansa lokacin da fushin ya taso. Idan ya gaza 70 a ma'aunin mg/dL, wannan kaɗai kan kawo faɗa da gumi da karkarwa, kuma rabin kofin lemo mai zaƙi zai dawo da shi. In sugan daidai yake, halin kuma ya wuce mako 2, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Amai, ciwon ciki da numfashi da sauri bayan barin insulin kuwa, asibiti ne nan take. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya ce eh, insulin ɗin ya koma hannunki, ku ga likita a ranar.

Tambaya: Muna zaune a Amurka. Makaranta ta ce ɗana fitinanne ne, likitansa kuma ya rubuta masa fluoxetine, maganin ciwon damuwa. Ba zai taɓa sugansa ba? (Wani uba, Bronx)

Amsa: Malam, a can an fi saurin laƙaba wa yara baƙar fata rashin ɗa'a maimakon a binciki damuwarsu, saboda haka likitan ya kyauta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin tun daga shekara 8. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, kuma yana iya ɗan sauke suga, sai a ƙara yawan awo. A makonnin farko ku sa masa ido sosai, domin tun 2004 hukumar ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magunguna kan ƙara wa wasu matasa tunanin kashe kai. In kun ga alama, ku kira 988, layin agajin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa a Amurka. Ku nemi a haɗa masa da zaman tattaunawa da masanin halayya.

Tambaya: An sa ƙanena a kan olanzapine, maganin ciwon ƙwaƙwalwa, sai ƙiba yake yi, sugansa na hawa. Mu daina? (Daga Zinder)

Amsa: Kada ku daina da kanku, ciwon zai iya dawowa. Maganin yana jawo ƙiba da hawan suga. Ku koma wurin likitansa da takardar awon suga, akwai irin su aripiprazole da ba su kai shi tayar da suga ba.